Hoto na Ashirin da Huɗu

"Ka ce min ba kai ba ne," in ji Auta. "Don Allah ka ce kuri kawai ka yi wa Baba don ya ga kai ma wani ne."

Tana tsaye a bakin ƙofar shagon hoton, inda ta saba tsayawa, don shekara biyu suna tare ba ta taɓa wuce teburin karɓar baƙi ba. Jakar littattafan ɗalibanta na rataye a kafaɗarta, idanunta sun kumbura sun yi jawur.

Mai Hoto ya kasa ɗaga kai. "Ni ne, Auta."

Ta fashe da kuka.

Abin da ya faru kuwa shi ne, kwana uku da suka wuce ya je gaida mahaifinta karon farko. Ya sha guga, ya sha turare, har da aron agogon hannu, saboda ya ji sana'ar Baba gyaran agogo ce. Dattijon ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi aiki. Shi kuwa gogan naka, da ya ga fuska a sake, sai bakinsa ya ƙi tsayawa. Ya ce ranar Asabar mai zuwa za a buɗe baje kolin hotunansa na shekara goma sha biyar. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya.

"Baba, ko ka tuna gobarar tsohuwar kasuwa?" ya ce yana gyara zama. "Akwai hoton wani mutum yana zaune cikin toka yana kuka, hularsa a ƙasa, wanda jarida ta buga a shafin farko. To ni na ɗauke shi. Ina da shekara goma sha tara a lokacin. Ka san hoton?"

Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Na san mutumin ma," ya ce. "Kullum da safe ina ganinsa a madubi."

Daga nan ya tashi ya shige ciki. Mai Hoto bai san yadda aka yi ƙafafunsa suka kai shi titi ba.

Yanzu ga Auta a gabansa tana share hawaye da gefen mayafi, wasu na sake zubowa.

"Ka san me hoton nan ya yi mana?" ta ce. "Shekara da shekaru ba a kiran Baba da Mai Agogo, sai Mai Kuka. A makaranta an liƙa min shafin a kan tebur. Wata rana Mama ta sayo sabulu, ta zo gida ta warware takardar da aka naɗe mata shi, sai ga fuskar mijinta. Ina kallonta ta ninke takardar ta sa a murhu."

"Wallahi ban sani ba. Gemunsa baƙi ne a lokacin, hannunsa ya rufe rabin fuskar..."

"Ka tambayi sunansa?"

Ya kau da kai.

"Ka tambaye shi, ko sau ɗaya, kafin ka ɗauka?"

"A'a."

"To ka ji." Ta ja numfashi. "Ina sonka, kai ma ka sani, ba sai na rantse ba. Amma ba zan taka zuciyar Baba in zo gidanka ba. Mama ta rasu ta bar min shi. Kuma Gwaggo ta riga ta gayyato manyan Mai Kemis, ranar Lahadi za su zo neman aurena."

"Lahadi? Wannan Lahadin?"

Ta gyaɗa kai, ta juya da sauri don kada ya ga sabon kukan da ya taso mata.

* * *

A gida kuwa Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kasa ta tsare. Tun da labarin ya same ta ta haɗo kayanta ta tare a ɗakin Auta, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga an yi abin da ya dace.

"Ke 'yar nan, me Mai Kemis ya rasa?" ta ce tana ninke wanki. "Ɗan aminin ubanki ne, ga natsuwa, ga shago nasa na kansa. Kowane mako sai ya zo ya auna wa Yaya hawan jini. Wancan kuwa fa? Mutumin da aikinsa leƙa fuskar mutane!"

Maganar gaskiya, Mai Kemis ba shi da aibu. Mutumin kirki ne, mai kunya, mai cika alkawari. Matsalarsa ɗaya ce, ko zancen soyayya zai yi sai ka ji kamar yana karanta maka takardar cikin kwalin magani. Auta tana girmama shi, amma zuciyarta ko motsi ba ta yi in ya yi sallama.

Ta samu Baba a falo yana goge wani tsohon agogon bango. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, yaro ne a lokacin. Bai san abin da yake yi ba."

"Na yarda yaro ne."

"Yanzu ba haka yake ba. Wallahi ba haka yake ba."

Baba ya ajiye tsumman, ya dube ta, muryarsa a sanyaye. "Auta, ban taɓa yi miki dole ba, kuma ba zan fara da aure ba. In ba kya son Mai Kemis, ranar Lahadi ni da bakina zan ba su haƙuri. Amma ki saurare ni. Mutumin da ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, maimakon ya miƙa masa hannu sai ya ɗaga kyamara, ba zan ba shi 'yata ba. Ranar da ke kika faɗi, me zai ɗaga?"

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka, shi kuma yana shafa kanta, amma bai janye ko kalma ɗaya ba.

* * *

Ranar Laraba Mai Hoto ya rufe shago da rana tsaka, ya shimfiɗa hotuna arba'in ɗin da za a rataye a ƙasan ɗakin ciki, yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba marasa lafiya.

Ga makanikin da barci ya kwashe a ƙarƙashin mota, sifana a hannunsa. Ga ma'aikatan jinya biyu suna dariya a bakin ƙofar asibiti, ɗaya za ta shiga ɗaya za ta fita. Ga tsohon telan da ya zura zare a allura ba tare da tabarau ba, yana hararar Mai Hoto don ya ce masa ba zai iya ba. Ga wata amarya da ta cire takalmi mai tsini ta riƙe a hannu tana tsallake kwata.

Duk ya san su. Ya san sunayensu, ya san inda suke, kowannensu sai da ya wanke masa nasa kwafin ya kai masa har inda yake. Makanikin ma sai da ya tashe shi ya nuna masa, ya ce in bai so ba a goge, mutumin ya yi dariya ya ce a bar shi matarsa ta ga ba yawo yake zuwa ba. Talatin da tara ke nan.

Na arba'in ɗin, wanda ya buɗe masa ƙofar aiki, wanda saboda shi aka fara kiransa da suna, shi kaɗai ne bai san mai shi ba. Ranar da ya ɗauke shi ko waiwaye bai yi ba. Da gudu ya tafi ofishin jarida, zuciyarsa na tsalle, yana jin ya kamo abin da manya ba su kamo ba. Yau da ya kalli hoton sai kunya ta rufe shi, har ya ji ba ya son ganin hannunsa.

Maigidan da ya koya masa aiki yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita: ba a zubar da fim. A wancan zamanin da fim ake ɗaukar hoto, a wanke shi, sannan a fitar da hoton a takarda. Kowane fim sai an sa shi a ambulan an rubuta kwanan wata. Maigidan ya daɗe da rasuwa, amma dokar na nan, akwatin ƙarfen ma na nan a ƙarƙashin tebur.

Ya jawo shi. Ya yi ta tonawa har ya samu ambulan ɗin, takardar ta yi ja don tsufa. Niyyarsa ya ciro fim ɗin ya ƙone.

Ya ɗaga shi a hasken taga. Ga hayaƙi, ga masu gudu da bokiti, ga rumfuna a rushe. Ga hoto na ashirin da uku, editan jarida ya zagaye shi da jan alƙalami. Tun daga ranar idonsa bai taɓa wuce wannan jan zagayen ba.

Sai ya ga akwai wani a gefensa, na ashirin da huɗu. Shi dai bai tuna ya sake danna kyamara ba.

Ya ɗauko madubin ƙara girma ya duba. Ya sake dubawa, sannan ya zauna a ƙasa daɓas.

Mutumin nan ne dai, a cikin tokar nan dai. Amma wata mata ta durƙusa a gabansa, zaninta duk baƙin gawayi. Da hannu ɗaya tana mayar masa da hularsa a kai, da ɗayan ta tallafo haɓarsa ta ɗago fuskarsa. Tana yi masa magana, bakinta da ɗan murmushi, ga wushirya a fili.

Wushiryar Auta ce sak.

Ya tuna Auta ta taɓa gaya masa mahaifiyarta ba ta son hoto, in ta ga kyamara sai ta ja mayafi. Abin da ya rage musu nata ɗan ƙaramin hoton katin asibiti ne, wanda ya koɗe har ba a gane hanci.

Hannunsa ya kai kan waya zai kira ta, sai ya tsaya. Wannan ma ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi. Akwai wanda ya fi kowa haƙƙin fara ganinsa.

Yana cikin wanke shi a babbar takarda Hajiya mai zauren baje kolin ta iso, tana fifita da katin gayyata.

"Ina mai kukan nan namu? Gobe nake son a kafa shi a tsakiyar bango, ana shigowa a yi ido biyu da shi."

"Hajiya, na cire shi."

"Ka yi me?"

"Ban tambayi mai shi ba. Zan mayar masa da abinsa."

"Bayan shekara goma sha biyar? Kai, ka san 'yan jarida saboda shi za su zo? Ka san wahalar da na sha kafin su amsa?" Idonta ya sauka kan sabon hoton da ke ɗiga ruwa a kan igiya. "Wannan fa? Ai wannan ya fi wancan! To shi ke nan, sa wannan."

"Shi ma ba nawa ba ne."

Hajiya ta riƙe ƙugu. "To me za ka rataye min a tsakiyar bango, ranka ya daɗe?"

"Ƙusar dai tana nan, Hajiya."

Ta yi tsaki ta fice, tana cewa ita ba ta taɓa ganin mai gudun ɗaukakarsa da ƙafarsa irin wannan ba.

* * *

Washegari da hantsi ya isa shagon Baba da ƙunshi biyu a hammata. Ɗan ƙaramin shago ne, bango duk agogo, kowanne da lokacin da yake faɗa, ƙararsu kamar ana yayyafi a kan kwano. Baba na sunkuye a kan tebur, ɗan madubin masu gyaran agogo maƙale a idonsa na dama.

Ya yi sallama. Baba ya amsa bai ɗago ba.

Mai Hoto ya durƙusa a gefen teburin. Kyamararsa na rataye a wuyansa, don ya saba da ita har mantawa yake tana nan.

"Baba, na zo neman gafara. Na ɗauki abin da ba ka ba ni ba, na ci abinci da shi, na yi suna da shi, ban taɓa tambayar me ya same ka bayan nan ba. Ba ni da hujja."

"Saboda Auta ka zo."

"Da ba don Auta ba da ban san kai ne ba, wannan gaskiya ne. Amma ko ka hana ni ita, waɗannan naka ne." Ya ajiye ƙunshin biyu, ya ɗora ambulan ɗin a kai. "Ga hoton, ga fim ɗinsa. Wanda ke cikin kwamfuta na goge. Babu sauran kwafi a hannuna, kuma ba za a rataye shi ranar Asabar ba."

Baba ya ci gaba da juya ɗan ƙaramin sukurudireba. Can ya ce, "Hoto ɗaya ka ɗauka. Ƙunshi na biyun na mene ne?"

"Biyu na ɗauka, Baba. Ni ma jiya na sani."

Dattijon bai taɓa ƙunshin ba. Ambulan ɗin ya buɗe, ya zaro fim ɗin da ɗan hantsakin aikinsa, ya ɗaga shi saitin ƙofa, ya kawo shi kusa da madubin da ke idonsa. Ya wuce hayaƙin, ya wuce masu bokiti. Ya tsaya a kan jan zagayen, muƙamuƙinsa ya motsa. Sannan ya matsa gaba kaɗan.

Hantsakin ya tsaya cak a kan hoto na gaba.

Agoguna na ta bugawa. Hawaye ya gangaro daga ƙarƙashin madubin, ya bi kumatu ya shige cikin farin gemu. Hasken ƙofa ya sauka a kan fuskar dattijon yadda duk mai hoto yake mafarkin samu.

Mai Hoto ya juya fuskarsa ga bango, ya tsura wa wani agogo mai tsuntsu ido, ya haɗe hannuwansa biyu a bayansa.

Baba ya ajiye hantsakin.

"Tashi ka tafi," in ji shi.

"Baba..."

"Na ce ka tafi."

Ya fita jiki a sanyaye. Ranar Juma'a ta zo ta wuce, Auta ba ta kira ba, shi ma bai kira ba.

* * *

Ranar Asabar da la'asar zauren ya cika maƙil. Makanikin ya zo cikin fararen kaya har ba a gane shi ba, ya tsaya kusa da hotonsa yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa ba barci yake ba, tunanin injin yake. Ma'aikatan jinyar sun zo da 'ya'yansu. Tsohon telan ya zo da tabarau, ya ce na ado ne.

Amma duk wanda ya shigo, idonsa a tsakiyar bango yake fara sauka. Farin fili, fitila na haska shi, ba komai a wurin sai ƙusa guda.

Wata 'yar jarida ta tare shi. "Malam, ina shahararren hoton? An sace ne?"

"Da can ne aka sace shi," ya ce. "Ni na sata. Na mayar wa mai shi."

Hajiya ta dafe goshi ta koma gefe.

Ana yaba masa, ana miƙa masa hannu, yana murmushi, amma zuciyarsa na can wani gida inda ake share falo saboda baƙin gobe. Shekara goma sha biyar yana jiran wannan ranar, ga ta ta zo, shi kuwa ji yake kamar ya tsaya a layin da ba nasa ba.

Sai hayaniyar bakin ƙofa ta lafa.

Baba ne, cikin babbar riga, hularsa zaune daram. Gwaggo na bayansa fuska a ɗaure, sai Auta kanta a ƙasa. Na ƙarshe Mai Kemis, wanda ya kawo su a motarsa, rungume da ƙunshi biyu bai san me ke ciki ba.

Mai Hoto ya nufo su zai durƙusa, Baba ya ɗaga masa hannu ya wuce. Bai je tsakiya ba. Daga gefe ya fara, hoto bayan hoto, hannuwansa a baya. Da ya iso wurin makanikin ya dubi hoton ya dubi mutumin.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san an ɗauka?"

"Ai tashina ya yi ya nuna min. Nawa kwafin ma har gareji ya kai min, yana can a saman gadon matata."

Baba ya gyaɗa kai. Ya tambayi telan, ya tambayi ma'aikatan jinyar, amsar duk iri ɗaya. Sannan ya zo ya tsaya a gaban ƙusar. Ya daɗe yana kallonta, har ya kai yatsa ya taɓa ta kamar mai gwada ko za ta iya ɗaukar nauyi.

"Miƙo min na saman," ya ce wa Mai Kemis.

Da hannunsa ya yage takardar, da hannunsa ya ɗaga firam ɗin ya rataye, ya ja da baya, ya dawo ya daidaita gefe ɗaya da ya karkace, don mai gyaran agogo ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale.

Gwaggo ce ta fara yin salati. "Wallahi ita ce! Yaya, ita ce, har wushiryar!" Ta toshe baki da mayafi, fuskar da ta ɗaure tun daga gida ta warware gaba ɗaya.

Auta ta ɗago kai. Ta yi taku biyu ta tsaya, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa gilashin.

"Mama," ta ce a hankali. Ta sake cewa, "Mama," sannan kukan ya ƙwace mata, Gwaggo ta rungume ta su biyun suna yi.

Baba ya juyo ga jama'a. Bai saba magana a taro ba, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ni ne mutumin da ke zaune cikin tokar nan. Wannan matata ce, Allah ya ji ƙanta. Kun san me take gaya min a nan? Cewa take, 'Tashi, Malam. Agoguna ne suka ƙone, hannunka na nan.' Da maganar nan na tashi na sake kafa shago." Ya dubi hoton. "Amma jarida ta yi ta nuna min kukana har na manta abin da ya biyo bayansa. Shekara goma sha biyar ina tuna minti ɗaya, na bar na gaba da shi, ni da nake gyaran agogo."

Har Hajiya sai da ta share ido da katin gayyata.

"A ba ni guduma da wata ƙusar," in ji Baba.

Aka kawo da gudu. Baba ya kafa ta a hannun dama, ya karɓi ƙunshi na biyu, ya rataye hoton mai kukan, wanda ya hana shi sakewa shekara da shekaru.

"Baba, ba sai ka..." in ji Mai Hoto.

"Kukana ne, ba na aro ba. Da ka rataye shi da na tsine wa taron nan. Yau ni na rataye, kuma kusa da ita, don a san wadda ta share shi."

Tafi ya ɓarke. Makanikin har da fito, 'yan jarida suna ture juna, Hajiya na faɗa wa na kusa da ita cewa ita dama tun farko ta san yaron nan ya san abin da yake yi.

Baba ya yafito Mai Hoto, ya rage murya, amma Auta na ji.

"Ranar da ka zo shago na yi hawaye a gabanka, kyamara na wuyanka. Ka zaci ban ga abin da ka yi ba? Madubin nan ido ɗaya yake rufewa. Da ɗaya nake kallon fim, da ɗayan nake kallon hannunka." Ya dafa kafaɗarsa. "Na tambayi 'yata me za ka ɗaga ranar da ta faɗi. Na samu amsata."

Mai Hoto ya durƙusa, yana cewa, "Na gode, Baba. Na gode."

Mai Kemis ya dubi Auta, ya ga yadda take kallon wanda ke durƙushe, kallon da shi bai taɓa samun ko rabinsa ba. Ya yi ɗan murmushi, ya ninke takardun ƙunshin da ke hannunsa tsaf.

"Baba, ina ganin zan ce wa su Kawu su fasa zuwa gobe. Wannan ciwon ba ni da maganinsa a shago." Ya miƙa wa Mai Hoto hannu. "Allah ya sanya alheri. Amma awon hawan jinin Baba nawa ne, ba na bar maka ba."

Aka yi dariya, har Auta cikin hawaye.

"To ni falon da na sha wahalar sharewa fa?" in ji Gwaggo tana jan hanci.

"Ba zai tafi a banza ba," in ji Baba. Ya dubi Mai Hoto. "Ka gaya wa manyanka gobe da hantsi. Kuma ka mayar wa mai agogon nan da ka aro abinsa, yana latti da minti bakwai, tun ranar nake son in gaya maka."

Sannan ya jawo Auta ya tsayar da ita a damansa, Gwaggo a hagunsa, daidai ƙarƙashin hoton na ashirin da huɗu. Auta ta miƙa hannu ta gyara masa hularsa, ba ta ma san ta yi ba.

"To, mai hoto, me kake jira?"

Mai Hoto ya ɗaga kyamara. Ya ga fuskoki biyar a ciki, uku a tsaye biyu a bango, biyu daga cikinsu da wushirya iri ɗaya. Yatsansa ya sauka a kan maɓallin, sai ya tsaya, ya sauke kyamarar daga idonsa.

"Baba, in ɗauka?"

Dattijon ya yi dariyar da Auta ta ce rabonta da jin irinta tun Mama na raye.

"Ɗauka, ɗana."